Shekarar da Muka Ci Irin Baba

Kogin Komadugu ya sake cikowa bana. Tun makon jiya kukan kwaɗi ke danne kiran sallar asuba, iska na shigo mana da warin laka da ruɓaɓɓiyar ciyawa, kuma duk inda ka duba a bakin garin Diffa maza ne da shebur suna ɗura yashi a buhu. Jiya da hantsi na taka turmi ina rataye igiyoyin tattasan iri a saman azara, inda nake fatan ruwa ba zai kai ba. Ƙamshinsu ya daki hancina, ƙamshin nan mai zaƙi-zaƙi da ɗan hayaƙi. Na sauko na zauna a kan turmin. Shekarar da muka ci irin Baba ce ta dawo mini, da tekunta da yunwarta.

Mahaifina, Malam Kiyari, manomin tattasai ne, haka ubansa, haka kakansa. Gonarmu ba wata babba ba ce, ƴan fangaloli ne kwance a gefen kogi, amma irinmu daban yake. Nama gare shi mai kauri, ja ne har yana neman komawa baƙi, in ka tauna zaƙi za ka fara ji, sai can daga baya ɗan zafi ya biyo a maƙogwaro. Masu saye da ke ƙetarowa daga wancan gefen kogi da hanci suke gane buhunmu. Baba bai taɓa sayen iri a kasuwa ba. Ya ce na kasuwa gauraye ne, ba wanda ya san asalinsa.

Ko a shekarun tashin hankali, da aka hana kowa kusantar kogi, aka hana babur, aka hana taki, muka kwashe muka yi gudun hijira zuwa Gagamari cikin bukkar zana, Baba bai bar irin nan ya mutu ba. Bido, wato jarkar ruwa, yake yankawa ya cika da ƙasa, ya jera a bayan bukka, ya riƙa ba su ruwan alwalarsa. Mutane na layin rabon abinci, shi yana tsugune yana cire tsutsa da yatsa. Da aka buɗe bakin kogi muka dawo, da ƴan ƙwayoyin nan ya sake tada gonar.

Ga yadda ake yi a gidanmu. A tsinkar farko Baba da kansa yake bin fangali yana zaɓen manya marasa tabo. Waɗannan ba a baza su a ƙasa cikin rana kamar na sayarwa. Mahaifiyata, da muke kira Ya, ita ke zura su a zare da allura, a rataye a inuwa har su bushe, in iska ta taɓa su ka ji ƙwayoyin na kacau-kacau a ciki. Idan damina ta kankama sai a fasa rabi a zuba reno a ƙarƙashin rumfar ciyawa. Ɗaya rabin a saka shi a tulu da igiyarsa, a liƙe bakin da laka, a tura ƙuryar ɗakin Ya, ko da reno zai ƙone ko fara ta cinye. Sannan dashe. Mu da maƙwabta ne, yau gonar wannan gobe ta wancan, ƙafa cikin laka, baya a duƙe, rana na cin ƙeya, injin ban ruwa na tari yana tofar da hayaƙi. Da azahar Ya ta kawo burabusko da miyar banda mu ci a gindin goriba, hannuwanmu na warin ganye.

Ana gama dashen shekarar aka kira mu a jami'a, lokacin ina shekara ta biyu. Aka ce wata ƙasa a bakin teku za ta karɓi babbar gasar wasanni ta ƙasashe, suna neman ɗalibai masu jin Faransanci su je aikin sa kai. Sunana ya fito. Ni kuwa tun ina ƙarama nake ɓoye littattafan soyayya na kasuwa a ƙarƙashin tabarma, kuma a cikinsu duk yarinyar da ta hau jirgi, a ƙarshen tafiyar akwai wani dogo mai sanyin murya yana jiranta. Na yarda da wannan kamar yadda na yarda kogi zai zo duk shekara.

Na ɗauka Baba zai hana. Sai ya ce, "Je ki ga ruwan da ba shi da ƙetare, Fanna, ki dawo ki ba ni labari."

Ana gobe zan tafi, da la'asar, ya shigo daga gona ya tarar da Ya ta fasa lakar bakin tulu, tana naɗe jajayen igiyoyi cikin tsohon ɗankwali.

"Ke, tulun iri kika buɗe?"

"Ƴata za ta ƙetare teku, Malam. Na sayarwa zan ba ta, wanda akuya ta tattaka?"

"To ai iri ne."

"Ga saura can cike da tulu, ga gona shar. Sun ce abincin can ko gishiri ba ya ji."

Baba ya tsaya yana kallonta, sai ya girgiza kai ya yi dariya. Ya ce, "Fanna, uwarki ta ba ki abin da ko ni ba ta taɓa ba ni ba. Ki ci. Amma ƙwayar iri ba a zuba ta a shara, kin sani. Ko a ci, ko a binne."

Ya ta sake kwaɓa laka ta liƙe tulun.

A cikin waɗanda muka tafi tare, biyu ne suka zama nawa. Akwai Mariyama, Bazabarma, ƴar wani soja da aka kawo Diffa daga yamma, bakinta ba ya hutawa. Akwai kuma Buba, Bafillace siriri daga rugagen arewacin Diffa, mai karatun kiwo. Tsakaninmu Barebari da Fulani wasa ne tun kaka da kakanni, don haka tun a cikin jirgi ya fara. Jirgin na tashi na rufe ido na damƙe kujera, sai na ji ya ce, "Babarbariya, saki kujerar mutane. Ba kwalekwale ba ne, ba za ya kife ba."

Na ce, "Kai da ba ka taɓa hawa komai ba sai jaki."

Tekun da na gani ba shuɗi ba ne kamar na bangon littattafai. Toka-toka ne, yana ta huci, iskarsa na shiga har ƙashi. Ruwan sama a can ba ya zuwa da tsawa ya wuce kamar namu. Yayyafi ne siriri daga safe har yamma, wanki ba ya bushewa, takalmi kullum a jiƙe, tabarmar sallata ta fara warin danshi. Aka sauke mu a wani dogon gini na ɗalibai, aka ba kowa riga da hula da baji, wato katin shaida cikin ƴar jakar roba da ake ratayawa a wuya. Launin bajinka shi ke faɗin ƙofar da za ka iya shiga. Namu kore ne, na ƴan aikin fili.

Ni aka kai ni ramin yashi na masu dogon tsalle. Mutum ya taho da gudu ya tashi sama ya faɗa cikin yashin, masu awo su auna, sai ni da wata mu shiga da manjagara mu baje wurin ya koma sumul kamar ba wanda ya taɓa shi. Aikin bai yi mini wuya ba, baje fangali ne kawai ba laka. Abin da ya ba mu wuya yunwa ce. Ba wai babu abinci ba, ɗakin cin abincin cike yake. Amma naman ba mu san yankan wa ba ne, don haka muka bar shi, miyar kuma fara ce mai santsi kamar kunun da aka manta ba a sa tsamiya ba. Muka koma farar shinkafa da burodi da dafaffen ƙwai. Ka ci ka tashi, kafin ka kai fili cikinka na ƙugi. Na rame har zoben Ya da ke yatsana ya fara juyawa.

Tattasan nan ne ya riƙe mu. Duk yamma in mun dawo sai mu haɗu a ƙarshen wani dogon teburi, in kwance ɗankwalin, kowa ya tsinki guda ya murƙushe a kan shinkafarsa, ya zuba gishiri da ɗan mai. Nan da nan teburin ya koma Diffa. Mariyama takan lumshe ido ta ce, "Allah ya ja da ran uwar Fanna."

Buba kaɗai ne in ya fasa nasa sai ya kakkaɓe ƙwayoyin a tafin hannu. Ya ce suna maƙale masa a haƙori, suna ƙona masa harshe. A ranar farko ya miƙe zai watsa su a kwandon shara, na kama hannun rigarsa.

"Kai, Bafillace! A gidanmu ba a zuba iri a shara. Ko a ci, ko a binne."

"To ni ba zan ci ba, nan kuma duk siminti ne."

"Kai ka sani. Harshen da ya saba da nono kaɗai."

"Shi ke nan, Babarbariya, na ji," ya ce, ya dunƙule hannunsa. Na juya ga farantina, ban ƙara bi ta kansa ba.

Hankalina ma ba a teburin yake ba. Akwai wani mai tsalle daga wani tsibiri, dogo, baƙi mai sheƙi, wanda duk sanda ya tashi daga yashi yana kakkaɓe jiki sai ya dube ni ya ɗora hannu a ƙirji, alamar godiya. Ba mu taɓa magana ba. Mariyama ta sa masa suna Dogo. In na zo share sawunsa sai hannuna ya yi nauyi, in ji kamar in bar wurin haka, a kewaye shi da duwatsu. A raina na riga na gina mana gida mai taga ta wajen teku, na kai shi Diffa ya gaida Baba, har na zaɓi launin lallen da za a yi mini.

A tsakanin nan saƙonnin murya daga gida suna zuwa. Ya takan ce ruwa na ƙaruwa, amma ai kowace shekara yana ƙaruwa. Daga baya ta ce maza sun daina zuwa gona, duk suna kan jinga, ganuwar buhunan yashin da ake yi tsakanin kogi da unguwa. Ta ce buhu ya yi ƙaranci, har na gero an zazzage an kai. Ta ce Baba ya kwana biyu bai cire rigar da ke jikinsa ba. A bayan muryarta ina jin kwaɗi da ihun mutane. Ina saurare a gefen fili, in goge salula da gefen mayafi, sai a busa usur in ɗauki manjagara.

Ranar Alhamis aka yi tsallen ƙarshe. Dogo bai ci komai ba, ya tashi daga yashi kansa a ƙasa. A can al'adar ƴan sa kai da ƴan wasa ce a yi musayar ƴan kyaututtuka in an gama, wani ya ba da hula, wani ɗan maɓalli mai tutar ƙasarsu. Ni ba ni da abin da ya fi tattasan nan daraja, kuma igiya ɗaya ce ta rage. Na naɗe ta a ɗankwalin Ya, na tare shi a bakin hanyar fita, na ce masa wannan daga gonar mahaifina ne, babu irinsa a duniya. Ya karɓa da hannu biyu, ya shinshina, ya yi murmushi, ya sake ɗora hannu a ƙirji. Ranar ban san da ƙafa na koma masauki ba ko da fiffike.

Ranar Juma'a, mutane na masallaci, jingar ta fashe.

A salular wani na fara gani. Ruwa ja yana shiga unguwa kamar an buɗe masa ƙofa, mata da tabarmi a ka, awaki a kan katanga. Na gane bishiyar darbejiyar ƙofar gidanmu, ruwa ya kai mata ƙugu. Na kira Ya, babu rezo, layi ba ya shiga. Na kira maƙwabta, babu. Na kira duk wanda na sani a Diffa har salular ta mutu, na sa caji na sake. Haka na yini, haka na wayi gari. Ban iya haɗiyar ko burodi ba. Aka mai da ni wani filin ina baje yashi, ina jan manjagara ina tunanin buhu nawa wannan yashin zai cika, yashi mai kyau, busasshe, an tara shi don mutane su yi wasa a ciki.

Sai ranar Lahadi da hantsi kira ya shigo da baƙuwar lamba. Muryar Ya ce na ji.

"Fanna, muna raye, kada ki yi kuka. Muna kan kwalta, an ba mu leda mun kafa."

"Baba fa?"

"Yana nan. Gonar ta tafi, ko kan ganye ba a gani. Ɗakina ya zauna a kan tulun. Da ruwa ya ɗan lafa ubanki ya shiga har ƙirji yana lalube, kaskon kawai ya samo." Muryarta ta yi ƙasa. "Ba ya ci, Fanna. Ba ya magana. Jiya kaɗai ya ce in ruwa ya janye ba zai koma bakin kogi ba, Assaga za mu tafi wurin ƙanwarsa, ya bi layin rabo kamar kowa. Ya ce shi da gona sun rabu."

"A sayi wani iri mana, Ya."

"Kin san ubanki. Kuma wa ke da shi? Kowa nasa ya tafi." Sai ta ja numfashi. "Wanda na ba ki, ƴata. Ko guda ɗaya ne ya rage, ki riƙe shi kamar ranki. Ya rage ko?"

Na ce, "Ya rage, Ya." A raina igiyar nan tana cikin jakar Dogo, a nan cikin garin, zuwa kawai zan yi in roƙa.

Buba ba ya nan, an tura su can wajen gari tsaron hanyar masu gudun dogon zango. Mariyama na ja muka fita cikin yayyafi zuwa unguwar da aka killace wa ƴan wasa. Mai gadin ƙofa ya dubi bajinmu ya girgiza kai. Kore ba ya shiga nan. Na yi masa bayani da Faransanci, na sake yi, har na koma Hausa ban sani ba. Mariyama ta ce masa, "Ɗan'uwa, gidan uwarta ne ya rushe, tattasai kawai muke nema, ba zinariya ba." Ya ce ya ji tausayi, amma kore ba ya shiga.

Muka tsaya a bakin waya tun hantsi har bayan la'asar. Ruwa ya ratsa rigunanmu, yatsuna suka ƙandare. Duk motar da ta fito sai in leƙa tagoginta. Duk wanda na gani da rigar tsibirin sai in ruga. A ƙarshe wata mata mai furfura, cikin masu kula da tawagarsu, ta tsaya ta saurare ni. Ta ce waɗanda suka gama wasa sun tashi tun jiya da safe. Na ce to kyautar fa, jan abu a cikin ɗankwali? Ta tuna. Ta ce likitan tawaga ba ya barin ɗan wasa ya riƙe wani abin ci da ba a san tushensa ba, duk irin kyautar nan a ranar ake tattarawa a zubar. Ta ce ɗankwalin dai ya tafi da shi, yana da kyau.

Na ce, "Ina sharar?"

Ta dube ni kamar ba ta ji daidai ba. Ta ce mota ke kwashewa kowace safiya.

Ban tuna yadda na zauna a ƙasa ba. Na dai tuna sanyin siminti, da Mariyama na jan hannuna tana cewa, "Tashi, Fanna, mutane na kallo." Irin da ya tsallake shekarun Gagamari da ruwan alwala, irin da kakan Baba ya zaɓa da hannunsa, rabi yana ƙarƙashin laka, rabi mun cinye da shinkafa, sauran yana cikin motar shara a ƙasar da ko sunan tattasai ba su sani ba. Kuma na ce wa Ya ya rage.

Washegari na je aiki don ba ni da inda zan sa kaina. Da azahar fili ya watse, ni kaɗai na rage a bakin ramin, na jingina da manjagara ina kallon yayyafi na huda yashin da na baje. Sai na ji takun mutum. Buba ne, ya dawo daga wajen gari, wandonsa duk laka.

"Mariyama ta faɗa mini," ya ce. Bai kira ni Babarbariya ba.

Na ce, "In wasa ka zo yi, yau ba ni da baki."

Ya cire bajinsa daga wuya, ya juya mini bayan bajin. A cikin jakar robar, a bayan katin, ƙwayoyi ne farare-farare sun taru a ƙasa, kauri kamar yatsa.

"Kin ce ba a zubarwa," ya ce. "Ni kuma ban sami ƙasar binnewa ba. Kullum nan nake zuba su. Na ce in mun koma in ba ki, ki ga Bafillace ma yana jin magana."

Na karɓa. Na ɗaga robar sama ina kallonsu, ƙananan abubuwa marasa nauyi, wasu sun yi duhu don mai ya taɓa su. Na so in yi magana irin ta littattafai, mai tsawo mai daɗi, amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Rufe, kada ruwa ya shiga." Ya cire hularsa ya kife a kan hannuna. Muka tsaya haka, ruwa na zuba a kansa.

Sauran kwanakin, bajin Buba ne a wuyana a ƙarƙashin riga, shi kuma ya riƙe katinsa a aljihu. Da shi nake kwana, da shi nake alwala ina dafe da shi. Bikin rufe gasar da kowa ke ɗoki, da wutar da aka harba sama, ban ga komai ba. Ina ta addu'a kada zafin jikina ya dafa su.

Na sami iyayena a gefen kwalta, cikin jerin bukkokin leda da ba a ganin ƙarshensu. Rana ta dawo da ƙarfinta, ledar na ƙuna, ƙasa na tururi, sauro ko da rana ba ya ɗaga ƙafa. Ya ta tsufa a wata guda. Baba na zaune a kan buhu yana fuskantar inda unguwarmu take, ruwa shimfiɗe har iyakar gani, sai kawunan goriba. Na gaishe shi ya amsa da ka. Bai tambaye ni labarin teku ba.

Na durƙusa na zazzage ƙwayoyin a tafin hannunsa. Na faɗa masa duk yadda aka yi, ban rage ba. Ya daɗe yana kallonsu. Ya tura su da yatsa, ya ware masu duhu gefe. Sannan ya ce, "Kawo ruwa a kwano."

Wannan ce maganarsa ta farko a kwanaki, in ji Ya. Ya zuba ƙwayoyin a ruwan, mu uku muka sunkuya. Mai rai nutsewa yake, mataccen ya taso. Suka yi ta yawo a sama, da yawa, da yawa ƙwarai, har na kau da kai. Da na sake dubawa, a gindin kwanon akwai ƴan kaɗan kwance, ba su fi a rufe da babban yatsa ba.

Baba ya tsame su ya baza a gefen rawaninsa. Ya ce, "Wa ya ce Bafillace ne ya ajiye?"

Buba na tsaye daga nesa da jakata a hannu. Ya matso ya durƙusa ya ce, "Ni ne, Baba Malam."

"Duk Diffa a rasa mai tsare mini iri sai mai bin saniya." Ya kalli Ya. "Akwai bido?"

Ya ta miƙo wanda muke ɗiban ruwa da shi, shi kaɗai gare mu. Baba ya sa wuƙa ya raba shi biyu. Da yamma ya ci abinci.

Ba duka suka fito ba. Cikin waɗanda suka fito ma rana ta kashe wasu, akuyar maƙwabta ta cinye ɗaya, ranar har Baba ya bi ta da takalmi. Shekarar ba mu sayar da ko tiya ɗaya ba, mun ci abincin rabo, mun ci na dangi, Ya ta sayar da gadonta na ƙarfe da aka tono daga laka. Ɗakinta har yau ba a sake gina shi kamar da ba. Amma ba mu tafi Assaga ba. Da ruwa ya janye Baba ya ɗauki bidonsa a ka ya koma bakin kogi.

Yanzu ba a ajiye iri a tulu a gidanmu. Kashi uku ake yi: na saman azarar Ya, na saman tawa, sai na uku. A kasuwa kuwa masu saye in sun shinshina buhunmu sai su ce, "Ɗan Fulani ne wannan." Baba yakan yi tsaki ya ce irin kakansa ne, amma sunan ya riga ya bi shi.

Dogo ban sake jin labarinsa ba. Wani lokaci nakan yi tunanin ɗankwalin Ya a wani tsibiri, ko yana da sauran ƙamshi.

Yau da safe aka yi shela ruwa ya ƙaru a daren jiya, kowane gida ya fito da namiji da shebur. Buba, wanda yanzu shi ne mijina, ya sha kununsa a tsaye, ya naɗe ƙafar wando. Baba, da yanzu ba ya iya ɗaukar buhu, yana zaune a zaurenmu da sandarsa. Buba zai wuce ya sa sandar ya tare shi.

"Bafillace, ina kashi na uku?"

Buba ya ja igiyar da ke wuyansa. Tsohuwar jakar robar ta fito daga cikin riga, ta yi rawaya, an ɗinke gefenta da zare, cike taf da ƙwayoyin bana.

Baba ya taɓa ta da yatsa, ya janye sandar.

"To, je ka. In jinga ta fashe kada ka tsaya ceton kowa, ka hau bishiya."